Ba a faɗi illar allurar ba

Wani marubuci ya ce allurar sinadarin girma tana hanzarta haɗuwar ƙashin kare da ya karye, amma bai taɓo illarta ba ko kaɗan. Gaskiya ne sinadarin yana sa hanta ta fitar da wani sinadari da ake kira IGF-1, mai taimakon tsiron sabon ƙashi. Sai dai idan ya yi yawa yana dakushe aikin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, kare ya kamu da ciwon sukari. Karen farautar kawuna ya karye a ƙafar gaba, likitan dabbobi ya ɗora ta da filasta, muka killace shi wata 2, ya warke sumul ba allurar. Malam mai cewa a nemo ta a kyamis, wa zai riƙa auna sukarin karen?