Ƙarin kuɗin haya: Mai gida, zuwa da kai ya fi aike

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a gidajen hayar Katsina a ƴan shekarun nan. Dillali zai tsaya a ƙofar gida, ko babur ɗinsa bai kashe ba, ya ce wa magidanci: "Alhaji ya ce in gaya maka an yi ƙari. In za ka iya, to. In ba za ka iya ba, akwai masu so." Wani lokaci ma dillalin ba ya zuwa. Saƙon waya ne zai shigo bayan Isha'i, layi biyu, alhali saura kwana goma kuɗin shekara ya ƙare.

Ni ma mai gida ne, ƙarami. Ni da ƴan uwana mun gaji gida mai sassa uku a wajen Ƙofar Ƙaura, kuma ni aka ɗora wa karɓar haya da kula da gyara. Saboda haka na san dalilin ƙari, na san shi a aljihuna. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai wajen naira 1,000. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya wuce 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Tifar yashi ta bi, kwanon rufi ya bi, rodi ya bi, birkila da leburansa ma suka ce su ma abinci suke ci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Akwai gwauruwar da ɗakuna biyun da mijinta ya bari su ne cinta da shan marayunta. Duk wanda ya ce mata ta bar haya yadda take tun 2020, bai yi mata adalci ba.

"Akwai masu so" ɗin ma ba ƙarya ba ce. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa da na Al-Qalam da na Kwalejin Hassan Usman suna neman ɗaki kowace shekara. Ga kuma mutanenmu na Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara waɗanda ƴan bindiga suka raba da gidajensu da gonakinsu, suka shigo birni da iyali suna neman inda za su sa haƙarƙari. Sai dai duk lokacin da na ji mai gida yana jifan ɗan haya da wannan magana, ina tuna cewa da yawa daga cikin masu son nan masifa ce ta koro su. Bai kamata musibar wani ta zama sandar da za mu riƙa ɗaga wa wani ba.

Ƙorafina yana kan yadda ake isar da maganar, da lokacin da ake isar da ita, da bakin da ke isar da ita.

Mu masu gida mukan manta cewa kuɗin shekara ba a ajiye yake cikin aljihun ɗan haya ba. Tara shi ake yi. Wani adashe ya shiga tun farkon shekara, ya roƙi uwar adashe ta sa kwasarsa a watan biyan haya. Wani rago yake kiwo a lungun tsakar gida. Wata ma'aikaciya tana cire wani abu duk ƙarshen wata. Duk wannan lissafi a kan tsohon kuɗi aka yi shi. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 30,000 tun 2019 sai a Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000, kuma mai tura baro da mai faci da mai sayar da kayan miya ba su ma da wani albashi da za a ƙara masu. In ka zo wa irin wannan mutum da ƙari saura mako biyu, hanya biyu ka bar mashi: ya ci bashi, ko ya kwashe. In ka zo mashi saura wata huɗu, ka ba shi ta uku, wato ya shirya.

Na koyi wannan ne da tsada. A ƙarshen 2023 muka zauna da ƴan uwana muka yanke ƙarin da za a yi wa wani tela da ya shekara shida a sashe ɗaya. Nauyin haɗa ido da shi nake ji, domin mutumin kirki ne, bai taɓa sa na yi mashi tuni ba. Sai na aika dillalin da ya kawo shi tun farko. Bayan kwana tara wani yaro ya kawo mani makulli, ya ce mai ɗinki ya ce a ba ni. Ko sallama ba mu yi ba. Sashen ya yi wata huɗu a rufe, muka yi fenti, muka canza ƙofar banɗaki, abin da muka kashe da hayar da muka rasa suka ninka ƙarin da muke nema. Sai bayan kusan shekara, a wurin wata ta'aziyya, wani maƙwabci ya faɗa mani adadin da aka gaya wa telan. Ya ɗara abin da muka yanke nesa ba kusa ba, kuma an haɗa mashi da cewa mun ce ko kobo ba za a rage ba. Ba mu faɗi haka ba. Amma ni na aika, don haka laifin a wuyana yake.

Ba na yi wa dillalai kuɗin goro, akwai masu amana a cikinsu. Amma kowa ya san inda la'ada take fitowa: daga sabon ɗan haya. Tsohon da ya sabunta zamansa ba ya kawo wa dillali komai, ko ya kawo kaɗan. To don me za ka damƙa maganar da za ta sa mutum ya zauna ko ya tashi a hannun wanda ribarsa ke cikin tashin?

Da lokacin sashe na biyu ya zo, inda wani malamin firamare yake da matarsa da yara huɗu, sai na je da ƙafata, saura wata huɗu shekararsa ta cika. Bayan La'asar na yi sallama, ya shimfiɗa mana tabarma a soro, yaro ya kawo ruwa a kofin silba. Muka gaisa, na tambayi iyali da makaranta. Sannan na fito da takardar da na rubuta abin da muka kashe a gidan cikin shekarar: kwashe sokawe, canza kwano shida da ke yoyo, gyaran katangar da ruwa ya ci.

Na ce, "Malam, na zo da magana mai nauyi, shi ya sa ban aiko ba. In shekara ta zagayo muna so mu ƙara, ga abin da muke tunani, ga kuma dalili. Ba yau nake son amsa ba."

Ya daɗe yana kallon takardar, yana bin layukan da yatsa kamar mai duba jarrabawa. Can ya ce, "Alhaji, ban ƙi ba, kowa ya san halin da ake ciki. Amma wannan ya yi mani yawa a tashi ɗaya. Ko za a rage wani abu, a kuma bar ni in biya kashi biyu? Sannan ɗakin yara har yanzu yana ɗiga ta kusurwa."

Ban san da ɗigar ba. Da saƙo na tura, da har yau ban sani ba, sai silin ya rufto. Bayan mako guda muka sake zama, muka rage kaɗan, muka yarda da biya sau biyu, na ɗauki alkawarin gyara rufin kafin damina. Muka rubuta, shi da shaidarsa, ni da tawa, kowa ya riƙe kwafi.

Abin da muka yi a soron nan ba sabon abu ba ne, addininmu ya riga ya shimfiɗa shi. Haya a fiƙihu ijara ce, ƙulla yarjejeniya ce a kan kuɗi sananne da wa'adi sananne. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gindaya yardar juna a cikin ciniki, ayar farko ta Ma'ida kuma ta ce a cika alkawura. Ma'ana, wanda ya biya shekara ya mallaki zaman shekara a kan kuɗin da aka yi, ba ka da hurumin ƙara mashi a tsakiya don siminti ya tashi. In wa'adi ya ƙare kana da damar neman sabon farashi, shi ma yana da damar tayawa. Bukhari ya ruwaito addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta neman rahama ga mai sauƙin hali in zai sayar, in zai saya, da in zai nemi haƙƙinsa. Mai karɓar haya yana cikin na ukun nan.

Dokar boko ma ba ta yi nisa da wannan ba. Kotunan ƙasar nan sun daɗe da ɗaukar ƙarin da mai gida ya yanke shi kaɗai a matsayin tayi, wanda ba ya hawa kan ɗan haya sai ya amince. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce mai biyan shekara, in babu wata yarjejeniya da ta faɗi akasin haka, sai an ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi, kuma ta ba ɗan haya damar zuwa kotu in yana ganin ƙarin ya wuce hankali. Dokar Legas ce, ba ta Katsina ba, amma ma'aunin abin dubawa ne. In har a garin da ake cewa ba a san kowa ba an ga magidanci yana buƙatar rabin shekara ya nemi wani matsuguni, mu da muke sahu ɗaya a masallaci da ƴan hayarmu mene ne hujjarmu ta kwana goma?

Na san abin da wasu abokaina masu gidaje za su ce, domin sun faɗa mani a gabana. Sun ce in ka yi laushi ɗan haya zai hau kanka, in ka faɗa da wuri ka ba shi lokacin shirya ƙarya, kuma akwai waɗanda ke cinye wata shida ba biya sannan su gudu da dare su bar maka bashin wuta. Akwai su, ni ma na gani. Amma mai niyyar gudu zai gudu ko da wane salo ka yi mashi magana, kuma maganinsa takarda ce da shaidu da mai unguwa, in ta ƙi a je gaban alƙali. Faɗa da wuri ma kai yake taimaka wa: in ba zai iya ba, kana da watanni na neman wani, ba sai gida ya kwana a rufe ba. Wanda saƙon dare ke kora shi ne mai kunya, irin telan nan, wanda zai gwammace ya kwashe komatsansa da ya tsaya ana yi mashi gori.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna da nauyi. Kada a bar wa matar gida sallahu ko a faɗa gaban yara, magidanci a soro ake samunsa. A gidan da ke da ƴan haya da yawa, kada a tsaya tsakar gida a yi shela, kuma kada a gaya wa wannan wani adadi a gaya wa wancan wani a kan ɗaki iri ɗaya, domin kafin Magariba sun haɗa baki sun gane. A duba lokaci: makon komawa makaranta a Satumba da goman ƙarshe na azumi da jajiberin layya, kowane magidanci a wuya yake. Mai gidan da ke zaune Abuja ko Kaduna ba zai iya zuwa ba, to ya ɗaga waya ya yi magana da bakinsa, takarda ta biyo baya da adadi da ranar da sabon kuɗin zai fara.

Telan yanzu yana haya a Sabuwar Unguwa. Na nemi shagonsa na je na ba shi haƙuri, na gaya mashi ainihin abin da muka yanke. Ya dakatar da keken, ya ce, "Ba komai Alhaji, ya wuce." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Har yau in muka haɗu, gaisuwarmu ba ta wuce ina wuni, lafiya lau.