Nawa ne kuɗin sunan makaranta? Lissafin karatun wasan waƙa a Amurka

Ranar da 'yata ta gaya mini cewa a jami'a tana so ta karanci wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa da rawa, irin wanda ake yi a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, sai na kira yayana a Zariya domin in ji ta bakinsa. Tambayarsa ta farko ita ce ko na amince 'yar gidanmu ta hau dandamali, maganar da muka riga muka kashe a cikin gida bayan doguwar muhawara, kuma ba ita ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Tambayarsa ta biyu ita ce: "To, wace jami'a ce ta fi suna a wannan fanni?" A ganina wannan tambaya, duk da kyakkyawar niyyar da ke cikinta, ita ce take jefa iyaye irinmu mazauna Amurka cikin bashin da ba su shirya masa ba.

Ban ga laifin Yaya ba, domin a inda muka tashi tambayar tana da ma'ana. Yaron da ya ci jarrabawar JAMB ya nemi sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi fice tun shekarun 1970 wajen kai wasa cikin ƙauyuka, ko na Jami'ar Bayero, ko na Ibadan, kuɗin rajistar da ubansa zai biya ba zai bambanta sosai ba, tunda dukkansu jami'o'in tarayya ne. Saboda haka muka saba da cewa suna kyauta ne, in yaro ya samu gurbi a wadda ta fi daraja, riba ce zalla. A Amurka kuwa sunan yana da farashi, kuma uba ne yake biyansa har sau huɗu, sau ɗaya a kowace shekarar karatu.

Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, wadda makarantar wasan kwaikwayonta ta faro tun 1914, tana karɓar fiye da dala 60,000 a shekara na karatu kawai, ban da ɗaki da abinci. A Jami'ar New York, idan aka haɗa da tsadar zama a birnin, lissafin shekara yana kaiwa wajen dala 90,000. Jami'ar Michigan ta jiha ce, amma tana da farashi biyu: ɗan jihar yana biyan ƙasa da dala 20,000, wanda ya zo daga wata jiha kuwa yana biyan fiye da ninki uku na abin da ɗan jihar yake biya, a aji ɗaya, gaban malami ɗaya. A Jami'ar Jihar Florida da ke Tallahassee, kuɗin karatun ɗan jiha bai kai dala 7,000 ba. Mu da muke zaune a Ohio mun yi sa'a, domin Jami'ar Cincinnati, wadda ta buɗe wannan fanni a 1968 kuma ake ɗaukarta a matsayin ta farko a ƙasar, ta gwamnatin jiharmu ce, sannan ga jami'o'in Kent State da Wright State, dukkansu a farashin 'yan gida. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne cewa wasu daga cikin shirye-shiryen da 'yan sana'ar suke girmamawa suna cikin jami'o'in jiha, don haka arha a nan ba lallai ne ta zama alamar rauni ba.

Sai dai gurbi ba a samunsa da maki. Digirin da ake kira BFA, wanda kusan kashi biyu cikin uku na darussansa horo ne na murya da rawa da kwaikwayo, ana shiga shi ne ta hanyar gwaji, kuma makarantar da ɗaruruwa suka nema takan ɗauki ashirin ko ƙasa da haka. Wannan ne ya sa yara suke neman makarantu goma sha biyar ko fiye, kowace da kuɗin takardarta, wasu har da kuɗin gwaji daban. Da farko ana tura bidiyo a tace, wanda ya tsallake sai a gayyace shi ya zo da ƙafarsa. Na kai 'yata gwajin haɗin gwiwa da makarantu da yawa suke yi a Chicago cikin watan Fabrairu, a wani babban otal, inda na tarar da yara zube a barandar ɗakuna, kowa rungume da fayil ɗin takardun kiɗa, wasu suna miƙe ƙafa a jikin bango, wasu suna kurɓar ruwan ɗumi da zuma, iyaye kuma mun yi jugum kamar masu jiran haihuwa. Ta shiga ta rera guntayen waƙoƙi biyu, ta yi ɗan jawabin kwaikwayo, ta fito kafin shayin da ke hannuna ya huce. A hanyar komawa na lissafa kuɗin mai da otal da malamar murya da mai ɗaukar hoto, sai na ga mun kashe abin da zai biya hayar gidanmu ta wata biyu, alhali ba a ba ta gurbi ko ɗaya ba tukuna. Wanda yake neman makaranta mai sauƙin kuɗi ya kamata ya fara tsimi tun daga nan, ya cire duk makarantar da ya san ko an ɗauke ta ba zai iya biya ba. Dokar ƙasar ta tilasta wa kowace jami'a da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya ta sanya ma'aunin farashi a shafinta na intanet, inda uba zai shigar da abin da yake samu ya ga kimanin abin da za a nema daga gare shi, kuma da na san da shi da wuri da mun rage makarantu huɗu.

Wasiƙun tallafi kuwa sai an karanta su da fensir a hannu. Wata jami'a mai zaman kanta ta turo mana wasiƙa mai kyan takarda tana taya mu murna da tallafi mai yawa, har 'yata ta ce, "Baba, sun kusa biya mana duka." Da muka zauna a teburin cin abinci tare da mahaifiyarta muka bi layi bayan layi, sai muka gano cewa fiye da rabin abin da suka kira tallafi bashi ne, wani a wuyanta wani a wuyana, ragowar kyautar ma tana da sharaɗin maki, kuma ba ta ƙaruwa idan kuɗin makaranta ya tashi. Bashin gwamnatin tarayya da ɗalibi zai iya ci da sunansa yana farawa daga dala 5,500 a shekarar farko, jimillarsa ta tashi dala 27,000 a shekara huɗu, duk abin da ya haura wannan iyaye ne suke sa hannu, kuma yana da kuɗin ruwa. Ga mu da ruwan bashi yake damunmu ta fuskar addini, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na yi wa 'yan gida sha'awa da na ji cewa lamunin karatun da Najeriya ta kafa a 2024 ba shi da ruwa.

Dalilin da ya sa na fi tsananta wa bashi a wannan fanni fiye da likitanci ko injiniyanci shi ne yanayin sana'ar kanta. Gidajen wasa 41 ne kacal a Broadway, kuma ko da yake mafi ƙarancin albashin ɗan ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa a can ya wuce dala 2,500 a mako, wasa yakan rufe bayan 'yan watanni, mai wasa ya koma layin gwaji yana aikin gidan abinci domin biyan haya. Matashin da kowane wata ake cire masa ɗaruruwan daloli na bashi ba zai iya karɓar ƙaramin aiki a gidan wasa na wani gari mai nisa ba, alhali irin wannan aikin ne yake gina shi, daga ƙarshe sai ya bar sana'ar da aka ci bashin dominta.

Ba na musun cewa manyan makarantu suna da abin sayarwa. Taron nuna gwaninta da suke shirya wa 'yan ajin ƙarshe a New York yana jawo wakilai da masu zaɓen 'yan wasa, kuma tsofaffin ɗalibansu suna riƙe hannun na baya. Haka kuma jami'a mai dukiya tana iya zama mafi arha ga iyalin da samunsu kaɗan ne, saboda haka bai dace a guje ta ba kafin a ga lissafinta. Amma shirye-shiryen jiha da yawa su ma suna kai ɗalibansu irin wannan nuni, kuma tambaya ce da uba zai yi kai tsaye, tare da tambayar ko darasin murya na mutum ɗaya yana cikin kuɗin makaranta ko daban ake biya. Akwai kuma ƙofofin da ba a cika faɗa ba, misali a Texas, ɗalibin da ba ɗan jihar ba idan ya ci tallafin gasa na aƙalla dala 1,000 ana iya mayar da shi farashin 'yan gida, abin da ya sa mutane suke duban Jami'ar Texas State da ke San Marcos. Wanda zai taso daga Najeriya ko Nijar da bizar karatu kuwa ya sani cewa ba shi da rabo a tallafin gwamnatin tarayya, kuma izinin aikin da ake ba mai irin wannan digiri bayan kammalawa wata 12 ne.

A ƙarshen watan Afrilu gurabe uku ne a hannunmu. Na rubuta abin da za mu biya a kowace bayan cire kyauta zalla, na ninka sau huɗu, na miƙa wa 'yata takardar ba tare da na ce komai ba. Ta kwana biyu ba ta yi mini magana sosai ba, sannan kafin wa'adin karɓar gurbi na 1 ga Mayu ta zaɓi ɗaya daga cikin jami'o'in jiharmu, tafiyar da ba ta kai awa uku a mota ba. Da na sanar da Yaya, sai ya ce bai taɓa jin sunan makarantar ba, ya tambaye ni yadda ake rubuta shi domin ya gaya wa Hajiya.