Muna lissafin buhu amma ba ma lissafin mutum

Jama'a akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai sai na fito da ita.

Duk wanda ya san matan da ke matsar man gyaɗa a nan Damagaram ya san tun kaka suke sayen gyaɗa su ɓoye, don sun san in bazara ta yi kuɗinta zai hau. Baba tsohuwa ba ta shiga lekol ba amma ta san buhu nawa gare ta, yaushe zai ƙare, wa zai kawo mata wani. Manyan masana'antu ma wannan lissafin suke yi, sai dai su da kwamfuta. To me ya sa muke yi wa gyaɗa da siminti da fiyas ɗin mota wannan tanadi amma ba ma yi wa ma'aikaci?

Ni abin ya same ni. Wurin sudur, wato walda, gare ni, a 2014 da labarin zinariyar Jado, can arewacin Nijar, ya ɓarke sai babban mai haɗa mini ƙofofi ya ce patron zan tafi, kwana biyu tsakani ya hau mota. Ƙarfe jibge a mangaza, inji lafiya lau, masu gini suna ta kirana, amma wallahi kusan wata uku ba mu fidda ƙofar kirki ba, alhali yara biyar gare ni a wurin, ba wanda na taɓa bari ya auna ya yanke ya haɗa da kansa, aikinsu miƙo wannan ɗauko wancan. Laifina ne, na ajiye ƙarfen wata shida ban ajiye hannu na biyu ba.

Toyota su suka yi suna da tsarin nan na kada a tara kaya, a kawo kowane abu daidai lokacin da ake bukatarsa, injiniyansu Taiichi Ohno ne ya gina shi. Amma bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011 su ma sun sa masu kawo musu ƙananan na'urorin lantarki su riƙa ajiye na watanni, don abin da yake daɗewa kafin a ƙera shi ba a jira sai ya ƙare. Kuma me ya kai gwani daɗewa kafin a samu?

Dubi matatar man fetur ta SORAZ da ke nan jihar Damagaram, an buɗe ta 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen mai yana zuwa ta bututu tun daga Agadem. Injiniyan da zai kula da irin wannan wuri kuwa sai ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya yi shekara biyar yana karatu, sannan ya goge a hannun manya. Don haka nake so masu kamfanoni su zauna da Jami'ar André Salifou ta Damagaram da makarantun koyon sana'a tun yanzu su ce nan da shekara biyar ga irin mutanen da za mu nema, su kuma buɗe wa ɗalibai ƙofar estaj, wato koyon aiki a wurinsu.

Amma fa masu ɗaukar wannan tunani na lissafin mutum kamar buhu su mayar da shi a kira yaro yau a sallame shi gobe ba ko sisi, ban tare da su ko kaɗan. Buhu ba ya da iyali, ba ya yin fushi ya tafi Libiya.

Yanzu a wurina kowane aiki sai mutum biyu sun iya shi, kuma ran Alhamis apranti ne ke riƙe wuta, babba yana tsaye a kansa, ko da za mu ɓata ƙarfe.