Allon da Muka Raina a Gida, Shi Na Tarar a Madina

Makin farko da na samu a nahawu bayan na zo Madina 68 ne. Da na gan shi sai na yi hamdala, domin a jami'ar da na baro a gida, inda na yi shekara biyu kafin in samu gurbin karatu a nan, mai 68 maki biyu kacal ya rage masa ya ci A. Sai da na nuna wa wani ɗan uwa Bakatsine da ya riga ni zuwa da shekara uku, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai a gidan Maƙbul yake. Ka dai tsallake rijiya da baya." A nan Saudiyya 60 ne mafi ƙarancin makin tsira, ba 40 ba kamar yadda na saba. Mai 70 Jayyid aka ba shi, mai 80 Jayyid Jiddan, Mumtaz kuwa sai daga 90. Ran nan na gane cewa irin karatun da ya riƙe ni a gida ba zai kai ni ko'ina a wannan gari ba.

Kowa ya san irin karatun da nake nufi. A shiga lakca idan an ga dama, a tara handawut a jibge ƙarƙashin katifa, sai an liƙa jadawalin jarrabawa sannan hankali ya tashi. A nemi tambayoyin shekarun baya, a sayi goro da shayi, a tafi aji a yi TDB, wato karatun dare har gari ya waye. Gobe a juye abin da aka cusa a kai bisa takarda, jibi a neme shi a rasa. Da wannan hanyar na ci kwasa-kwasai da dama, kuma yau idan ka tambaye ni abin da ke cikinsu, sunayen kawai zan iya kawo maka. Hausawa sun daɗe da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kowane zango a ranar tafiyar muke fafe shi.

Wanda ya buɗe mini ido abokin ɗakina ne, wani ɗan Muritaniya. Ban taɓa ganinsa yana karatun dare ba, ko a makon jarrabawa. Ƙarfe goma ya yi barci. Amma bayan sallar asuba zai zauna da wani ɗan ƙaramin littafi da ya rubuta da hannunsa, ya karanta baiti uku ko huɗu sababbi yana maimaitawa har su zauna, sannan ya rufe littafin ya koma kan na jiya da na shekaranjiya da ka. Ranar Juma'a, da yake babu aji, sai ya bi na makon gaba ɗaya. Da na tambaye shi inda ya koyi wannan tsari, sai ya ce a ƙauyensu, a makarantar da suke kira mahadara, inda har yau a allon katako ake rubutu a wanke. Ya yi mini lissafin da ya tsaya mini a rai: Alfiyyar Ibn Malik, littafin nahawu da aka tsara a waƙe, baiti dubu ce da 'yan kai, wanda ya ɗauki uku kullum zai sauke ta cikin shekara guda, wanda kuma ya ce zai haɗiye ta cikin wata ɗaya zai yi shekara goma yana fara ta.

Ina sauraronsa ina tuna zauren mahaifina. Ai wannan shi ne abin da na tashi a ciki. A rubuta allo, a biya, a yi ta maimaitawa har a iya, a kawo hadda gaban malam, sai ya gamsu sannan a wanke a rubuta na gaba. Da asuba gardawa su fita tilawa, suna bin abin da suka riga suka haddace don kada ya kuɓuce. Alaramma ba ya yarda da "na iya" sai ka rufe allo ka karanta masa. Mai satu kuma ya rubuta da ka, ya kawo wurin darasu a duba masa wasali da ɗigo. Duk wannan tsarin koyo ne cikakke, amma ranar da na sa ƙafa a makarantar boko na ajiye shi a bakin ƙofa, kamar dai ba shi da abin cewa a kan ilmin kimiyya ko tarihi ko lissafi. Babu malamin da ya ce in ajiye, ni ne na ɗauka cewa hanyar allo ta allo ce kawai. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne da na zo na karanta cewa masu binciken ƙwaƙwalwa sun isa wuri ɗaya da alarammomi. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada kansa, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a zama guda riƙe karatu. Waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa rufe littafi ka tilasta wa kanka tuno abu ya fi sake karanta shi amfani nesa ba kusa ba. Yau ɗaliban likitanci a ƙasashe da yawa suna amfani da manhajar Anki, wadda aikinta kawai ta dawo maka da tambaya a lokacin da kake dab da mantawa. Tilawa ke nan aka sa a waya. Mu da muka gaje ta muka bari, wasu suka gano ta daga baya suna cin gajiyarta.

Gaskiya tsarin wurin nan ma yana taimakawa. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ɗalibanta mafi yawa baƙi ne daga ƙasashen duniya, ana ba su masauki da ɗan alawus na wata. Wuta ba ta ɗaukewa, zango yana farawa ranar da aka ce kuma ya ƙare ranar da aka ce. Akwai kuma dokar da ake kira hirmani: wanda fashinsa ya wuce kashi 25 cikin ɗari na darasi, ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba, kuma ana kiran suna da gaske. Da yamma ɗalibi ya tafi Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da halƙoƙin hadda da darussan malamai bayan magariba, ga ɗakin karatu a cikin masallacin. Salloli biyar su ne suke yanka maka yini gida-gida, ba ka bukatar wani dogon jadawali. Daga asuba zuwa fitowar rana na hadda ne, safiya zuwa azahar na aji, bayan azahar kuwa, musamman da bazara da zafi ke wuce digiri 40, sai ƙailula.

Ɗalibin gida ba shi da wannan gata, kuma ba zan zauna cikin sanyin na'ura in yi masa gori ba. Wanda ya zauna a gida wata takwas a 2022 saboda yajin aikin malaman jami'a, bayan wanda aka sha a 2020, sannan aka dawo aka matse masa zango, ba lalaci ne ya koya masa karatun gaggawa ba. Wanda ke tsaye a bakin taga saboda aji ya cika, ko yake karatu da fitilar waya, yana da juriyar da da yawa daga cikinmu a nan muka fara rasawa. Akwai ma abin da ɗaliban gida suka fi mu: zaman tutoriyal, inda ɗalibi ɗaya zai tsaya gaban allo ya koyar da 'yan uwansa, ana ja-in-ja ana tambaya ba kunya. Wanda ya fi kowa ƙaruwa a wurin shi ne mai koyarwar. A nan na ga ɗalibai masu hadda kamar rikoda, amma girmama malami ya sa ba sa iya ɗaga hannu su ce ba su gane ba.

Wannan ya kawo ni kan inda hanyar allo take da iyaka, domin ba na son a fahimce ni a baibai. Hadda ba fahimta ba ce. Na ga wanda zai karanto maka babi guda na ƙa'idojin fiƙihu ba tuntuɓe, amma ka kawo masa mas'alar da ba ta cikin littafi ya tsaya cak. Irin waɗannan ɗalibai suna shan wuya idan aka zo rubuta bahasi, inda ake son ka tattaro maganganun malamai, ka auna su, ka faɗi wanda ka rinjayar da dalilinka. Amma ko a gida ai ba a tsaya a allo ba, bayan sauka akwai karatun zaure, inda malam ke fassara kalma bayan kalma yana warware ma'ana. Marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a makarantar allo ya haddace Alƙur'ani kafin ya zo Madina, daga baya ya wuce Jami'ar Afirka da ke Khartum, kuma duk wanda ya saurari tafsirinsa ya san ayoyin da ke kansa su ne kayan aikin da yake gina hujja da su. Abin da ka riƙe da ka shi kake iya juyawa ka haɗa shi da wani. Wanda kansa fayau yake, da me zai yi tunanin?

Abin da na koma yi ba shi da wani ƙawa. Duk darasin da aka yi da safe, kafin in kwanta sai na ɗauki farar takarda na rubuta abin da na tuna ba tare da duba littafi ba, sannan in buɗe in ga inda na yi tsallake. Wurin da na tsallake shi ne karatuna na gobe da asuba. Ni da Bakatsinen nan muka sa wa kanmu zama biyu a mako, Litinin da Laraba tsakanin magariba da isha'i, shi ya tambaye ni, ni in tambaye shi, kuma sharaɗinmu da Larabci za a amsa. Zangon da ya biyo baya na samu 84 a nahawu, kuma ban kwana a zaune ko sau ɗaya ba.

Sharaɗin Larabcin nan yana da dalili. Babban abin da ke kayar da ɗalibanmu a nan shi ne daɗin zama da 'yan gida. Mutum zai gama shekara biyu a ma'ahadin koyon Larabci, ya shiga kwaleji, amma daga aji sai ɗakin 'yan uwa, hira da Hausa, cin abinci da Hausa, WhatsApp da Hausa har tsakar dare. Larabcin nasa ya tsaya a ido, yana karantawa yana ganewa, amma baki da alƙalami sun ƙi. Wani dattijo Bahaushe da aka haifa a nan Madina, wanda kakansa ya zo a ƙasa ta hanyar Sudan, ya taɓa jin muna ta surutu a bakin shagonsa. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, Hausa ba za ta gudu ta bar ka ba, ga ni nan ban taɓa ganin Kano ba ina yin ta. Abin da ya kawo ka shi za ka kama." Na ce, "To Baba, in Allah ya yarda." Ban daina zama da 'yan uwana ba, amma na ƙara da zama da ɗaliban Indunusiya da na Mali da na Pakistan, waɗanda babu harshen da ya haɗa mu sai Larabcin aji.

Abu na biyu da ke kayar da su kuma lokacin Umara ne, musamman watan azumi. Alhazai na zuwa daga gida, wannan kawun wane ne, wancan surukin wane ne, a raka su ziyara Ƙuba da Uhudu, a kai su kasuwar dabino, a yi musu tafinta. Hidimar baƙin Allah alheri ce, wani lokacin har da ɗan ihsani da ɗalibi ke bukata. Amma na san waɗanda hidimar ta cinye musu zango guda har hirmani ya hau kansu. Koyon cewa "Alhaji, a yi mini afuwa, ina da aji, bayan la'asar zan zo" yana cikin dabarun karatu, kuma ya fi kowace wuya ga wanda aka tarbiyyantar da kunyar manya.

Ƙanwata tana shekara ta biyu a karatun jinya a gida. Da na yi mata wannan bayani a waya sai ta ce, "Yaya, kai kana da wuta da lokaci, mu fa sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi ne da Turanci da Latin, ga girki ga ɗiban ruwa." Na ce mata ƙasusuwan jikin babban mutum 206 ne, idan ta ɗauki biyar kullum bayan asuba, tana bin na baya da ka kafin ta ƙara sabo, cikin mako shida ta gama, kuma wannan ba ya bukatar wuta. Ta yanka kwalin sabulu ƙanana-ƙanana, suna a gaba, wurin da ƙashin yake a baya, tana ba ƙaramin ƙaninmu yana yi mata tambaya idan ya dawo daga Islamiyya. A kiran da muka yi na ƙarshe ta ce ta gama da hannu da kafaɗa, ta shiga ƙashin baya, kuma yaron ya fara riga ta amsawa.