An buɗe ƙofa, an kashe wuta

Kullum ka kunna rediyo sai ka ji wani mai babbar riga yana cewa a buɗe kasuwa, masu zuba jari na nan tafe, talakawa su ƙara haƙuri. To mun ji. Amma ku gaya mana, da me za mu yi gogayya da masaƙun ƙasar Sin? Da janareta?

Ni tela ne a Kano. Atamfa, shadda, zare, allura, kusan duk abin da ke bi ta ƙarƙashin kekena daga waje aka kawo shi. Shiga Kantin Kwari ka ga dila-dilan yadi an jibge har rufi, ka juya bakin yadin ka duba inda aka saƙa. Abin takaici, ƙasar da ke noma auduga a Funtuwa da Gusau ce take jiran jirgin ruwa kafin 'ya'yanta su yi ɗinkin Sallah.

Da ba haka muke ba. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna, Kakuri ta cika da ma'aikata, Bompai da Sharaɗa da Chalawa suna aiki dare da rana. Sai ga SAP, shirin gwamnati na yi wa tattalin arziki garambawul, a 1986, aka karya darajar naira, aka rushe hukumar sayen auduga, aka ce kasuwa za ta gyara komai. Kasuwar ta gyara kuwa: yau yawancin waɗannan masaƙu kango ne, wasu an mai da su ɗakin ajiye kayan da aka shigo da su.

Shekara ta 2023 aka sake kawo mana maganin nan dai. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya wuce dubu kafin ƙarshen 2024. Shi ɗan kasuwa da dala yake saro yadi, dole ya ƙara. Ni kuma matar da ta kawo ɗinki sai ta ce, “Haba Malam, bara fa ba haka ka yi min ba.” Gaskiyarta. Mijinta ma albashinsa bai motsa ba.

Wutar kuwa kada ma a yi maganarta. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin farko na masu amfani da wuta, fiye da sau uku, wai don su samu awa ashirin a rana. Mu da ba mu cikin Band A, sai a kawo ta ƙarfe biyun dare, kafin dutsen guga ya yi zafi an ɗauke, amma takardar bil ba ta taɓa makara. A watan Oktoban shekarar, Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Injin surfanina yana lulluɓe da zane, yarana suna zaune a benci suna danna waya, masu ɗinkin biki suna ta sintiri a bakin shago.

Ba mu ce a rufe iyaka ba. An rufe a 2019, shinkafa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi ta daji. Abin da muke nema wuta, da hanya mai kyau, da bashin banki da ruwansa ba zai cinye jarin ba. A ba mu waɗannan tukuna, sannan a zo a yi mana lacca kan gasa da duniya.