Kofin mata ya tafi bariki, mu a Kumasi muna shan ataya

Kakar 2024/25 ta gasar firimiyar mata ta Gana ta ƙare da abin da mutane da yawa suka kira abin mamaki: Police Ladies sun doke Ampem Darkoa a wasan ƙarshe, kofi ya tafi Akara. Tun da aka fara gasar nan a 2012, gida biyu ne kawai suke karɓa-karɓa da shi, ko Hasaacas Ladies ta Sekondi ko Ampem Darkoa ta Techiman. Sai ga 'yan sanda sun shigo tsakani. Ni dai ban yi mamaki ba, abin da ya ba ni mamaki shi ne daɗewar da aka yi kafin hakan ta faru. Yarinyar da ta san albashinta zai shigo a ƙarshen wata, ko an ci wasa ko an sha kashi, ba irin bugunta ɗaya ba da wadda ta zo atisaye da kuɗin mota na aro.

Ga waɗanda ba sa bibiya, gasar kashi biyu ce, shiyyar arewa da shiyyar kudu, ƙungiya goma a kowace shiyya, zakaran nan ya haɗu da zakaran can a wasa ɗaya tak. Mu Kumasi a shiyyar arewa aka sa mu, tare da Techiman da Sunyani da Tamale. Wato ƙungiyar da ba ta da ko motar kanta sai ta nemi hanyar kai yara Tamale, tafiyar sama da kilomita 350, su sauka da kumburarrun ƙafafu su shiga fili, su kamo hanyar gida saboda babu kuɗin ƙarin kwana.

Ku dubi sunayen da suka daɗe a gasar: Police, Army, Prisons, Immigration. Duk masu kaki. Da yawa daga 'yan wasansu ma'aikata ne, suna da lambar aiki, suna da fansho a gaba. Ranar da gwiwa ta ce ta gaji, ofis yana nan. A ganina a nan kaɗai kalmar sana'a ta zauna da gindinta a ƙwallon matan ƙasar nan. Sauran ƙungiyoyin galibi mutum ɗaya ne yake ɗauke da su a wuyansa, ɗan kasuwa ko tsohon koci mai son abin. In kasuwa ta yi masa kyau yara su samu ɗan alawus, in ta juya baya a ce su yi haƙuri. Ban raina waɗannan mutane ba, wallahi ba don su ba da gasar ta mutu tuntuni, musamman bayan binciken ɗan jarida Anas na 2018 kan cin hanci da ya tsayar da ƙwallo cak, sannan korona ta zo ta cinye kakar 2019/20. Amma ba a gina rayuwar 'yar mutane a kan aljihun mutum ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne namu na Kumasi. Garin da ke tinƙaho shi ne gidan ƙwallo, garin Kotoko, garin da babban filinsa ke ɗauke da sunan Baba Yara. Mun ga Fabulous Ladies, mun ga Ashtown, Supreme, Dreamz, Kumasi Sports Academy. Ƙungiyoyi ba su yi mana kaɗan ba. Amma har zuwa kakar 2024/25 babu ɗaya da ta taɓa kawo kofin gasar gida. Fabulous ta je wasan ƙarshe sau biyu a jere a farkon gasar, sau biyun Hasaacas ta tare ta. Techiman kuwa, da muke ɗauka garin kasuwar doya ne kawai, ta ɗauka a 2016 da 2017 da 2022 da 2023, har Ampem Darkoa ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka ta 2023 a Kwaddibuwa. Can an tattara ƙarfi wuri ɗaya, gari ya san ƙungiyarsa. Mu nan kowa da 'yar tasa, kowacce tana numfashi da ƙyar, in yarinya ta fara haske sai a ɗauke ta.

Ka zaga bes-bes ɗin Aboabo da Asawase da Sabon Zango da yamma. Samari za su lissafa maka 'yan benci na Chelsea, su gaya maka nawa Madrid ta sayi wane, su yi ta musu har shayi ya huce. Tambaye su wace ƙungiyar mata ce ke wasa a Bantama wannan Asabar ɗin, sai a kalle ka kamar ka yi saɓo. Ba a nemi dukiyarsu ba, zuwa ne kawai ba sa yi. Kuma su ne gobe za su ce ai ƙwallon mata ba ta kawo kuɗi. Ta ina za ta kawo, alhali kamfani kan ƙirga kawunan 'yan kallo kafin ya buɗe jaka? Malta Guinness ta sa sunanta a gasar tun 2022, an gode, an ga canji a riguna da talla. Amma kamfani ɗaya ba zai ciyar da ƙungiya ashirin ba.

To, bari in zo kan iyayenmu, domin a nan nake rabuwa da 'yan boko abokaina. Kullum maganarsu ita ce mutanen Zango sun hana 'ya'yansu mata wasa saboda duhun kai. Ban yarda ba, ko in ce ban yarda da rabinta ba. Akwai wata 'yar ƙanwata da wata ƙungiya ta nema. Mutumin ya zo har gida, ya durƙusa ya gaida mahaifinta, ya yi ta zuba bayani a kan Turai da Amurka. Alhaji ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "Malam, na ji. In ta karye, wa zai biya asibiti? Makarantarta fa? A wane gida za ta kwana in kun je Tamale, kuma wace mace ce za ta kula da su?" Mutumin ya ce, "Baba, Allah zai rufa asiri." Alhaji ya ce, "Amin. Amma kawo mini a rubuce." Bai dawo ba.

Wannan ba duhun kai ba ne. Tambayoyin da ya kamata hukumar ƙwallo ta GFA ta riƙa yi wa kowace ƙungiya ke nan kafin ta ba ta lasisi. Uban da ya ga 'yar maƙwabci ta yi shekaru tana buga ƙwallo ta dawo gida da ciwon gwiwa, ba takardar makaranta, ba jari, ba sana'ar hannu, kana so ya miƙa tasa don an nuna masa hoton wata a jirgi? Ita mai koyon ɗinki a Alabar, in ta gama aƙalla an san za ta fita da keke.

Maganar sutura da ake yawan fakewa da ita, wannan ta daɗe da samun mafita ga mai so. Tun 2014 dokar ƙwallo ta halatta rufe kai a fili, kuma duk mun ga Nouhaila Benzina ta Maroko da hijabinta a gasar cin kofin duniya ta 2023. Wanda ya ce shi dai bai gamsu ba ko da hakan, ra'ayinsa ne, 'yarsa ce, ba zan zage shi ba. Amma na zauna da iyaye mata da yawa a wajen suna da biki, kuma abin da ke bakinsu ba gajeren wando ba ne. Cewa suke, me za ta ci, wa zai aure ta, in ta haihu shi ke nan an kore ta? Ta ƙarshen ma akwai amsa a takarda, domin tun 2021 FIFA ta wajabta hutun haihuwa na mako 14 da biyan kashi biyu cikin uku na albashi. Sai dai kashi biyu cikin uku na babu, babu ne. Doka tana aiki ne a kan wadda take da kwantiragi.

Kuma kada wani ya ce mini baiwa ce babu. Black Maidens, 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 17, sun zo na uku a duniya a 2012 a Azarbaijan. Mukarama Abdulai, 'yar Tamale, daga Northern Ladies ta fito ta ci ƙwallo 7 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2018 a Yurugwai, ta ɗauki takalmin zinare. Ita ce kuma ta ci wa Black Princesses, 'yan ƙasa da shekara 20, ƙwallon da ta kayar da Najeriya a Cape Coast a watan Maris na 2024, aka samu zinaren wasannin Afirka (ranar 'yan uwanmu na Kano da Sakkwato da ke nan sun sha tsiya, Allah ya ba su haƙuri). Hasaacas ta je Alƙahira a 2021, karon farko da aka yi gasar zakarun mata ta Afirka, ta kai har wasan ƙarshe kafin Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta doke ta 2-0. Evelyn Badu ta Hasaacas ce ta fi kowa cin ƙwallo a gasar, ita ce gwarzuwa. Ba a jima ba ta tafi Norwe. Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Haka da Black Queens, babbar ƙungiyar matan ƙasa, suka ɗauko tagulla a gasar kofin Afirka a Maroko a watan Yulin 2025, bayan sun doke Afirka ta Kudu a bugun fenariti, kowa ya sa hotonsu. Ku koma ku duba jerin sunayen, akasarinsu a waje suke wasa. Gasar gida ta zama kamar gadon yayyafin tumatir, a nan ake tsiro, da ya yi ganye huɗu sai a cire a kai gonar wani. Maroko da ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe ba tsafi ta yi ba, tun 2020 hukumarsu ta ɗauki nauyin tallafa wa albashin 'yan wasan gasar mata, shekara biyu bayan nan ƙungiyarsu AS FAR ta ɗauki kofin zakarun Afirka. Mu da muka je kofin duniya a 1999 da 2003 da 2007, lokacin su Alberta Sackey da Adjoa Bayor, tun daga nan ba mu sake leƙawa ba.

Abin da nake nema bai kai na Maroko ba. GFA ta tsayar da mafi ƙarancin albashi, ko yaya yake, ta ce ba lasisi sai da kwantiragi a rubuce da inshorar rauni. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta riga ta ce ƙungiyar maza da ke son buga gasar Afirka sai tana da ta mata, to a bi a duba ko ƙungiyar gaske ce ko suna ne kawai a fayil. Attajiranmu na Zango da ke sayen riguna da raguna a gasar samari ta bayan salla, mutum biyar cikinsu sun isa su riƙe ƙungiyar mata ɗaya ta Kumasi shekara guda, da sharaɗin kowace yarinya tana makaranta ko koyon sana'a, kuma akwai dattijuwa a cikin motar duk inda za a je. In aka yi haka, ni da kaina zan koma wurin Alhaji.

Kafin nan, duk wanda ya san ƙungiyar mata a Kumasi da ke ba yara kwantiragi da kuɗin asibiti a rubuce, ya faɗa mini sunanta. Zan sayi rigarta, kuma zan cika trotro ɗaya daga Aboabo ranar wasanta na farko a gida.