Likita bai tona maka asiri ba

Wasu mazauna unguwannin gefen Landan, irin su Croydon da Harrow, kan fusata idan jami'in lafiya ya bugo musu waya bayan sun kai yaro asibiti da ƙyanda. A ganinsu likita ya kai su ƙara.

Ba haka ba ne. Dokar 2010 ta Ingila ce ta wajabta wa likita sanar da hukuma wasu cututtuka, ciki har da ƙyanda, sanƙarau, tarin fuka da ciwon da gurɓataccen abinci ke jawowa. Ba ya ma jiran sakamakon gwaji, zato kawai ya isa: cikin kwana uku, ko awa 24 idan abin na gaggawa ne.

Mai bugo wayar, ko daga ƙaramar hukuma ko daga UKHSA, wato hukumar kare lafiyar jama'a ta Birtaniya, tambayoyinsa ba na tuhuma ba ne. Wace makaranta yaron yake? Akwai jariri ko mai juna biyu a gidan? Ƙyanda kan yaɗu tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, don haka gaggawar tasa ta neman waɗanda suka yi cuɗanya da yaron ce, a kare su tun da wuri.